Ranar da Dabbab Ya Kayar da Jikana a Arfa

Wanda bai san Arfa ba sai ranar Arfa zai ɗauka sauran shekara kulle ta ake yi. Mu mutanen Makka can muke zuwa shan iska. Idan zafi ya ɗan sauka, sai a loda tabarma da shayi da yara a mota, a je a baje a filin da alhazai suke kuka, mu kuma mu ci shinkafa. Akwai masu ba da hayar dabbab, babur ɗin nan mai ƙafa huɗu da aka ƙera, a ganina, domin a rage wa kakanni kwana.

Wata Juma'a bayan la'asar surukata ta tuƙa mu daga unguwarmu Tandabawi, ni da ita da jaririyarta da ɗanta na fari, yaro ɗan firamare. Ubansu, wato ɗana, yana bakin aiki a Jidda. Muna isa yaron ya hau dabbab. Ban ga faɗuwar ba. Ina zuba shayi na ji ihu, da na ɗago sai na ga dabbab a kife, tayoyinsa na juyawa, yaron kwance a gefe, jini na fita ta kunnensa ɗaya.

Motar asibiti ba ta jima ba. Ma'aikatan suka haska idanunsa, suka ɗaure masa wuya, suka yi wa juna irin kallon da malamai ke yi a kan takardar ɗalibar da ba sa so su kayar. Suka ce hanya ba za ta yi ba, an kira jirgi. Hausa ta sa masa suna mai saukar ungulu, kuma a ranar na so a ce wani tsuntsun aka zaɓa.

Ya sauka, iskarsa ta tafi da tabarmarmu. Aka ce mutum ɗaya zai shiga tare da yaron. Surukata ta dubi ɗan, ta dubi jaririyar, ta kasa motsi. Na ce, "Zauna da mai shan nono, ki biyo mu a mota." Ban jira amsarta ba, don na san in na jira zan ji tsoro.

A ciki aka ɗaure ni a kujera, aka kifa min abin ji a kunne. Ma'aikacin jinya, saurayi mai gemu kaɗan, ya ce min da Larabci, "Ya hajja, ki riƙa yi masa magana. Ina so in ga yana amsawa. In ya daina, ki taɓa ni."

To ni shekaru na yi ina koyar da 'yan mata nahawu, kuma akwai shaidu da yawa a garin nan cewa muryata barci take sawa. Na sunkuya daidai kunnensa mai lafiya na fara addu'a. Ya ce amin sau ɗaya, idanun suka fara rufewa. Na tambaye shi sunan makarantarsu. Shiru.

A wurinmu Hausawa jika namiji mijin kakarsa ne na wasa, ta tsokane shi ya rama. Yaran da aka haifa a nan ba sa son wasan, wannan kuwa ya fi kowa tsanarsa. Kullum amsarsa, "Ya sitti, aib!" wato kaka, abin kunya ne. Na bar addu'ar a zuci, na ɗaga murya.

"Maigida, haka za ka yi min? Ka fito da ni yawo, ko lemo ba ka saya min ba, ka kwanta?"

Leɓensa ya motsa.

"Ni dai an cuce ni. Miji ba cefane, ba iya tuƙi. Gobe zan koma wa yaron maƙwabta mai keke, shi aƙalla ba ya faɗuwa."

Sai da na manna kunnena da bakinsa na ji. "Ba zai karɓe ki ba. Haƙoranki a kofi suke kwana."

Ma'aikacin ya ce, "Me ya ce?"

"Zagina ya yi."

"Da hankali?"

"Har da hujja."

"Madalla. Ci gaba."

Na ci gaba. Na zagi kunnuwansa, ya ce hancina kamar na raƙumi. Na ce rowa gare shi, ya ce miyata ba gishiri. Sai kuma na yi magana bai amsa ba. Na maimaita. Na taɓa ma'aikacin, ya matso ya kare min yaron da bayansa, hannuwansa na aiki. Ban san tsawon lokacin ba. Na dai riƙe ƙafarsa, ina ta kiran maigida, har na ji jirgin ya dira.

Suka gudu da shi, ƙofa ta rufe, na tsinci kaina a farfajiyar asibiti da takalmi ƙafa ɗaya. Surukata ta iso bayan magariba, ɗana a bayanta da kayan aikinsa.

Da likita ya fito, ya ce ƙashin kai ya tsage, jini ya fara taruwa a ciki, sun cire shi. Ya ce mun zo da wuri, yaron zai tashi. Surukata ta yi sujada a nan kan daɓe. Ni ma na yi niyya, amma sai kawai na zauna a ƙasa, aka rasa mai iya ɗaga ni.

Ya tashi kuwa, da ɗinki a bayan kunne da cin abinci irin na mai rama bashi. Matsala ɗaya ce ta rage: bai tuna komai ba. Da aka gaya masa ya hau jirgi, sai ya fashe da kukan baƙin ciki. Duk ajinsu babu wanda ya taɓa shiga, shi ya shiga bai gani ba.

"Ke kin gani ai, sitti. Yaya Makka take daga sama? Kin ga Harami?"

Na ce masa ban leƙa ba.

"Ko sau ɗaya?"

"Ko sau ɗaya."

Ya juya min baya, da ƙyar saboda ɗinkin, ya ce wa uwarsa an yi asarar kujera.