Katantanwar da Na Rataya wa Ƙanwata

Shekarar da ciwon idon nan Apolo ya shigo Lome daga Gana, aka rufe lekol ɗinmu, wato makaranta, aka ce kowa ya zauna gida sai an neme shi. Yaran Zongo suka yi ta tsalle. Ni kuwa, uban iyayi, hankalina ya tashi. Ina ajin ƙarshe, jarrabawa na tafe, kuma na sa a raina Faransancina zai zube in ya kwana biyu cikin Hausa.

A lekol akwai wata al'ada. Wanda aka kama yana Hausa ko yaren Mina, sai a rataya masa igiya mai katantanwa a wuya, sunanta sambol, wanda aka tashi tana wuyansa ya sha bulala. To ita na kawo gida. Na tsinto katantanwa, na ƙwama tabaran Baba, na buɗe aji a zaure. Ɗalibata ɗaya tal, ƙanwata mai shekara shida, wadda wata biyu kacal ta yi a lekol. Faransancinta bai wuce gaisuwa ba.

Yarinyar nan da bakinta ba ya hutawa, har kaji take wa hira. Ranar farko ta ce, "Yaya, ruwa zan sha." Na rataya mata sambol, na tsula mata tsinken tsintsiya a tafin hannu. Kafin mako ya zagayo ta yi tsit, ko a gaban tuwo sai dai ta nuna da yatsa. Na je ina wa Inna alfahari, wai na koya mata natsuwa. Inna ta dube ni ta ce, "Kai dai Allah ya shirye ka."

Sai Apolo ya kama ni, malam. Na farka da safe kwantsa ta liƙe idanuna gam. Na kurma ihu, "Wayyo Inna, na makance!" Da Hausa tsantsa, ko ɗigon Faransanci babu. Can na ji ƙananan hannaye suna zura mini igiya a wuya. Gidan ya kwashe da dariya. Hannayen nan dai na ƙanwata su suka dawo da tsumma da ruwan ɗumi suka buɗe mini ido.

Da aka buɗe lekol na riƙe hannunta muka tafi. Tana hango sambol na gaske a jikin allo, ta fizge ta sheƙa gida da kuka. Baba ya ce a ƙyale ta sai baɗi. Baɗi ta zo, ta ƙi, aka haƙura.

Ni na ci jarrabawa. Ita yanzu atamfa take sayarwa a unguwar Amutibe, bakinta ya dawo, harshe huɗu take ciniki da su. Amma in takarda ta zo mata, sai ta hau mota ta taho gidana, ta miƙo mini ta ce, "Malam, a karanta mini, amma da Hausa." Tana faɗa tana dariya, ni kuwa har yau kunya ta hana ni taya ta.