Buhu Goman Labo

Labo mai shago a bakin tashar Gazawa bai taɓa cin kuɗin kowa ba. Ni Sha'ibu tela, bango ɗaya ya raba shagona da nasa shekara goma sha ɗaya, don haka abin da zan faɗa ba a bakin wani na ji ba.

A wani ƙauye kusa da Agiye aka haife shi. Da mahaifinsu ya rasu aka raba gona tsakanin mutum tara, rabon Labo ko akuya ka ɗaure a tsakiya sai ta ci na maƙwabci. Ya sayar wa yayansa, ya zo Gazawa ya kafa tebur da ashana da magi da sabulu. Daga tebur ya kai shago, albarkacin Alhaji Sanda, wani babban ɗan kasuwa a Maraɗi, da ke ba shi bashin buhu goma na shinkafa da sukari, ya sayar ya biya ya sake ɗauka. Da goma aka fara yana da ɗa ɗaya, goma ake ba shi har 'ya'ya suka kai shida. Kafin kasuwa ta ci sau biyu kaya sun ƙare, sai ya zauna yana kallon masu saye suna wucewa gaba.

Sau biyu ya roƙi ƙari. Duk biyun Alhaji ya ce, "Yi haƙuri, Labo, mu ga baɗi."

Ana gab da azumin bara waccan haƙurin ya ƙare. Ya hau mota ya tafi Maraɗi, ya shiga mangaza, wato babban shagon sari, ta manyan 'yan kasuwa uku a yini ɗaya, yana roƙon kowa ya ba shi ko buhu biyar. A tunaninsa in wannan ya hana, wancan zai bayar. Bawan Allah! Ya manta ba mai ba baƙo kaya sai ya tambayi halinsa, kuma ba wanda za a tambaya sai maigidansa. Cikin kwana biyu salular Alhaji Sanda ta yi ƙara sau uku, kowa na son jin yadda Labo na Gazawa yake wajen biya.

Alhaji bai ɓata shi ba, ya ce yana biya. Amma duk ukun suka hana, don kowanne ya ji cewa sauran biyun ma sun tambaya. Sannan Alhaji ya kira Labo.

"Mi ya same ka?"

"Lahiya lau, Alhaji."

"Lahiya lau, mutum uku su kira ni kanka cikin kwana biyu? Wani rami ka hwaɗa kake ɓoye mani. Daga yau shida za ka ɗauka. In shekara ta zagayo ba wanda ya ƙara tambayata kai, sai mu koma goma."

Haka Labo ya shiga shekarar yin shiru. Buhu shida ba ya ciyar da gidan mutum takwas, ga shi ba halin neman ƙari a ko'ina. Matarsa Hamdiya ta fara suyar ƙosai. Ya sayar da babur ɗinsa don kada biya ya makara ko da kwana ɗaya. In ya je Maraɗi, ko gaisuwa ba ya tsayawa yi a ƙofar wata mangaza, kar a ce ya je roƙo. Kowane sabon wata ya leƙo shagona ya ɗaga yatsu, saura kaza. Ni kam abin yana ci mini rai, mutum mai gaskiya an ɗaure shi kamar ɓarawo.

Bayan wata sha ɗaya na je Maraɗi kai wa Alhaji Ɗanbaba ɗinkinsa, shi ma mai mangaza ne. Ya yaba aiki, hira ta yi daɗi, bakina ya ƙi zama. Na zayyana masa halin Labo kaf, na ce wallahi in ya ba shi kaya ba zai yi nadama ba. Ya ce, "To, bari in bincika." Sai da mota ta wuce Cadawa a hanyar komawa na gane abin da na aikata.

Washegari da hantsi na jiyo Labo ta bango yana rantse wa Alhaji Sanda a waya. "Wallahi tallahi, Alhaji, ban je wurin kowa ba!" Ya faɗa ya fi sau biyar. Na so in karɓi wayar in ce ni ne, amma wa zai yarda ba shi ya aike ni ba? Gaskiya kuma, tsoro ne ya fi riƙe ni.

Can ya shigo ya zauna a kan bencina, idonsa ja.

"Huɗu, Sha'ibu. Ya maishe ni huɗu. Ya ce ban da rami, yanzu har ƙarya na koya. Saura kwana ashirin da uku hwa!" Ya share fuska da hula. "Ban san maƙiyin da ya kai sunana ba. Amma ko wane ne, Allah ya isa tsakanina da shi."

Ya zuba mini ido yana jira.

Na ce amin.