Matar Da Ta Nuna Wa Jikata Jininta

Na karanta sanarwar rasuwarki da sashenmu ya liƙa a ƙofar ɗakin shayi, Farfesa, kuma wajibi ne in yi gyara kafin in yi kuka. Na farko, ranar Talata tara ga wata kika rasu. Laraba da aka rubuta, ranar ce labarin ya iso ofis. Na biyu, jijiyoyin gwajin da kika ƙera ba na gilashi ba ne. Roba ce garai-garai da ake zubawa ta daskare, sannan a manna ta a kan gilashi. Na uku, wanda ya hana ni yin shiru, shi ne cewa aikinki "bai kai ga majinyaci ba tukuna". Ya kai. A gidana majinyaciyar take, ina jiyo dariyarta daga falo.

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Ɗalibata ce ke tun kafin in yi furfura, har na taɓa rage miki maki don kin ja layi ba rula. Sai ga shi kin ƙare kina jan layukan da suka fi silin gashi siranta, a cikin 'yar robar da ba ta kai kwalin ashana ba. A cikinsu ake tura ɗigon jini, a sa madubin likita a kalli yadda ƙwayoyinsa ke bi, kamar yadda suke bin ƙananan jijiyoyin jikin mutum. Kumfar iska ce babbar maƙiyiyarki, sai kuma mai jingina da teburi. Ina tsaye ranar da kika ce wa shugaban jami'a, "Ranka ya daɗe, ɗaga gwiwar hannunka, jini na tafiya." Ya kuwa ɗaga.

Kina da ƙa'ida: duk wanda zai yi aiki a ɗakinki, sai ya fara kallon jininsa yana wucewa. Kin ce wanda bai ga nasa ba ba zai tausaya wa na wani ba. Ni ma da na leƙo bayan na yi ritaya ban tsira ba. Kika tsire mini yatsa, kika dubi allo, kika ce, "Malam, har jininka a layi yake tafiya, sai ka ce za ka duba musu farce."

Jikata tana da sikila. Da ta shiga jami'a ta yi watsi da maganinta, ta ce ta gaji da haɗiyar abin da ba ta ga amfaninsa ba. Na zaunar da ita na yi mata lacca har da alƙaluma. Ta ce, "Tsoho, tunda ya burge ka, sha mana." Uwarta ta yi kuka, ita kuwa sai zaryar asibiti take, kowace kwanciya ta fi ta baya muni.

Da izinin likitanta da yardarta kika sa ta cikin masu ba da jini don bincikenki. Kika zaunar da ita a kujerarki, kika tura ɗigon nata, sannan kika rage masa iska. Muna kallo ƙwayoyin suka lanƙwashe kamar lauje, suka cunkushe a mararraba kamar motoci a bakin kasuwa. Yarinyar da ba a kayar da ita a magana ta matso kusa da allon.

"Wannan ne ciwon ƙafata?" in ji ta.

Kika ce, "Shi ne, 'yata. Ba zan yi miki alkawari ba. Koma kan maganin likitanki, ki dawo bayan 'yan watanni mu sake kallo. In babu bambanci, ni zan hana kakanki lacca."

Ta dawo. Yawancin ƙwayoyin suka wuce sumul. Kaɗan suka maƙale, kika kuwa sa yatsa kika nuna mata su, domin ba ki saba ƙawata sakamako ba. Ina jin wannan gaskiyar ce ta kama ta. Tun daga ranar ba ta tsallake magani ba, yanzu ma ita ke tsare ni da ƙwayar hawan jini.

Allah Ya jiƙan ki, Ya yalwata makwancinki, Ya sa Aljanna ce makoma. Ina miƙa ta'aziyya ga maigidanki Injiniya, wanda ya yafe tanderun gidansa lokacin da kika mai da shi na gasa roba, da 'ya'yanki, da ɗalibanki. Allah Ya ba su haƙuri, Ya kuma tsare su daga kumfa.

Na haɗo da abu uku. Akwai sanarwar sashe, gyararriya da jan biro, don a sake bugawa. Akwai hotunan jinin jikata guda biyu, na cunkoso da na wucewa. Sai 'yar robar da kika ba ta kyauta. Wannan aro ce: a nuna wa wanda ya rubuta sanarwar, a dawo mata da abarta, domin a gefen kwalbar maganinta take ajiye ta.