Rabin Shaidar Ilu Tankari

Ilu Tankari yana da shekara hamsin da bakwai, kuma maɗinkin dila ne a wani siton masu tura kaya da ke unguwar Sanyuanli, a birnin Guangzhou na ƙasar Sin. Shekararsa ta bakwai ke nan a wurin. Da safe 'yan kasuwa su kawo tufafin da suka saro a kasuwar Canaan, inji ya matse su, shi kuma ya bi da basilla da igiya ya rufe bakin dila. Masu kaya na Kano da na Kumasi sun san ƙullinsa. Ba ya warwarewa a hanya, kuma in an isa, jan igiya ɗaya ke kwance shi. Ƙullin tarun kamun kifi ne. Shi ya fara iyawa tun kafin ya haddace Fatiha.

Basarke ne, haifaffen Tungar Maidaji, ƙauyen masunta mai gida arba'in da 'yan kai a bakin wani ƙaramin kogi. Tafiyar rabin sa'a a kwalekwale daga tungar, ta inda ruwa ke gangarowa, akwai sansanin sojojin wata ƙasa ta ƙetare, waɗanda gwamnati ta gayyato a wancan lokacin. Wasu daga cikin mutanen tungar sun samu aikin leburanci a can. Ɗaya daga cikinsu shi ne Alhasan, wanda danga ɗaya ce ta raba gidansa da na Ilu.

Shekara goma da suka wuce, da bazara, Ilu ya fita duba ƙugiyoyinsa bayan fitowar rana. Kusa da magudanar da ke fitowa daga sansanin ya ga wata motar ɗaukar kaya a tsaye, da ganguna shuɗɗa guda shida. Alhasan na karkato su ɗaya bayan ɗaya a bakin ruwa. A bayansa akwai soja dogo, ya rufe hanci da baki da wani abin roba, yana nuna masa da hannu inda zai zuba. Alhasan ba abin da ya rufe fuskarsa da shi. Abin da ke fita daga gangunan fari ne tas kamar ruwan rijiya, sai dai yana yaji a ido. Ilu ya ce masa sannu da aiki, ya amsa, kowa ya ci gaba da abin da ke gabansa.

Washegari kifi ya taso. Wannan ba baƙon abu ba ne a tunga. In zafi ya yi yawa, ruwa ya ja baya, kifi kan taso sama yana haki, kuma masunta na ɗaukar hakan a matsayin rabo. Dokarsu ɗaya ce: wanda kunnensa ke motsi a ɗauka, wanda ya sandare a bar wa tsuntsaye. Aka cika kwale-kwale da tarwaɗa da karfasa. Mata suka hura wuta suka yi banda, hayaƙi ya rufe duk wani wari da zai sa a yi shakka.

Mutum fiye da talatin suka kwanta da amai da ciwon ciki. Radiyya, 'yar Ilu mai shekara tara, ta rasu a kwana na uku da hantsi. Kafin azahar an yi mata sutura. Babu likitan da ya gan ta, domin asibiti mafi kusa tafiyar yini ce, kuma babu wanda ya yi tunanin takarda. A tunga, jinkirta gawa wulaƙanta ta ne.

Bayan wata takwas aka shiga kotu a babban garin yankin. Mai gabatar da ƙara ya rubuta sunan mutum biyu, Alhasan da sojan. Sojan bai zo ba. Wasiƙa ce ta zo daga shugaban sansanin, tana cewa a bakin aiki yake ran da abin ya faru, kuma yarjejeniyar da ƙasashen biyu suka sa wa hannu ta ce laifin da sojansu ya yi a bakin aiki, kotun ƙasarsu ce kaɗai za ta duba. Alƙali ya karanta wasiƙar a fili, ya ce ba shi da hurumi a kan mutumin, ya ci gaba da shari'ar wanda ke zaune a gabansa.

Ilu ne kaɗai ya gani da idonsa. Ya yi alwala, ya dafa Alƙur'ani, ya rantse zai faɗi abin da ya gani duka. Ya faɗi motar, ya faɗi gangunan, ya faɗi Alhasan. Da ya kai kan sojan, alƙali ya ɗaga hannu.

“Malam, tsaya a kan wanda ke gabanmu.”

Aka ɗaure Alhasan shekara huɗu. Sojan kuwa ya koma gida tare da rukuninsu lokacin da aka yi canjin sojoji.

“Duka na rantse zan faɗa,” in ji Ilu. “Rabi aka karɓa. Rabin da aka karɓa kuwa shi ya ɗaure maƙwabcina.”

Bai iya ci gaba da zama a tungar ba. Kifi bai dawo yadda yake ba, kuma kullum da safe sai ya haɗu da matar Alhasan a bakin ruwa tana wanki. Takan gaishe shi, abin da ya fi yi masa nauyi ke nan. Ya kwashe iyalinsa ya koma Kano, ya shiga ɗinkin dila a Kantin Kwari. A nan wani ɗan kasuwa ya ga hannunsa ya haɗa shi da Fawaz, mutumin zangon Kumasi mai sito a Sanyuanli. Da Alhasan ya fito daga kurkuku bai koma tungar ba. Yana wani gari yana faskare, kuma tun ranar kotu magana ba ta haɗa shi da Ilu ba.

A hanyar Ilu ta zuwa sito akwai wani rafi da aka yi wa bango da siminti. A bakinsa an kafa allo mai rubutun Sinanci da lambar waya. Wata rana ya tambayi Fawaz abin da aka rubuta.

“Sunan jami'in da ke kula da rafin ne, Baba Ilu. In ka ga wani na zuba ƙazanta, ka buga wannan lamba.”

“Ko wane ne ya zuba?”

“Haka dai suka rubuta. Ni ban taɓa bugawa ba.”

Ilu ya daɗe yana kallon allon, har Fawaz ya ce masa kwantena ba ta jiran masu kallon ruwa.

A farkon wannan shekara wata lauya daga gida ta neme shi a waya. Sojojin sun riga sun bar ƙasar, an rufe sansanin. Ta ce mai gabatar da ƙara na soja a can ƙasarsu ya yarda ya duba takardun, kuma shaida zai iya ba da bayaninsa a kowane ofishin jakadancinsu. Akwai ƙaramin ofishinsu a nan Guangzhou. Ta kuma bayyana masa inda gizo ke saƙar. A dokarsu, laifin gurɓata ruwa wa'adinsa ya wuce tuntuni. In dai ba an tabbatar da cewa rai ya salwanta ba, babu ƙara. In an tabbatar, wa'adin shekara goma ne, kuma saura wata uku ya cika.

Ran da ofishin ya ba shi ya je, Ilu ya sa babbar rigarsa ta Sallah. Fawaz ya rufe sito ya raka shi domin ya yi masa tafinta.

“Baba Ilu, ɗaurin auren wa za mu ne?”

“Gaban hukuma za mu. Kai ne ka fito da wando sai ka ce ɗan ƙwallo.”

“Ai ni ba za a tambaye ni komai ba.”

“To ka riƙe bakinka da kyau, ɗan Zango. Kada in ce kifi ka ce musu kaza.”

Suka shiga jirgin ƙarƙashin ƙasa, suka sauka a unguwar dogayen benaye. Ofishin yana hawa na ashirin da wani abu. Aka karɓe wayoyinsu a ƙofa, aka zaunar da su gaban wata taga mai gilashi. Wata ma'aikaciya 'yar Sin ce ke bayan gilashin, tana tambaya da Turanci tana bugawa a na'ura. Ilu ya yi magana kusan sa'a guda, ba wanda ya ɗaga masa hannu. Ya faɗi tsawon sojan, da abin da ya rufe fuskarsa da shi, da yadda ya ja da baya taku uku lokacin da Alhasan ya buɗe ganga ta farko. Fawaz ya ce tun da ya san shi bai taɓa jin ya yi magana mai tsawo haka ba.

Da ya gama, matar ta tambayi takardar shaidar mutuwar yarinyar. Wannan karon Ilu bai jira fassara ba. Ya amsa da kalmar Sinancin da ya fi ji a kasuwa.

“Meiyo.” Babu.

Ta tambayi rahoton likita. Babu. Ta tambayi ko asibiti ya rubuta sunanta a wani littafi. Babu. Ta ce ya kawo duk abin da zai iya samu kafin wa'adin, za ta haɗa da bayaninsa ta aika.

A tunga mutum ɗaya ne ke rubuta abu, shi ne liman. Tsoho ne yanzu, ido ya yi rauni, amma yana da wani littafin 'yan makaranta da yake rubuta suna da ranar duk wanda ya yi wa salla. Aka nemo littafin a ƙasan akwati. Sunan Radiyya 'yar Ilu na nan da ajami, tsakanin wani tsoho da wata jaririya, da ranar watan Musulunci, da kalma biyu a gefe: “ciwon kifi”. Liman ya ƙi yarda a yage shafin, domin akwai mamatan wasu a jikinsa. Ya ba da littafin duka. Wani ɗan kasuwa ya kawo shi Kano, wani ya sako shi a jakarsa zuwa Guangzhou. Tafiyar ta ci kwana arba'in da ɗaya.

Ilu ya naɗe littafin a leda biyu ya koma ofishin. Matar ta buɗe shi a hankali, ta juya shi ta wannan gefe da wancan, ta shiga da shi ciki. Da ta dawo ta ce sai an fassara, kuma sai tafintan da hukuma ta rantsar ya buga hatiminsa.

Sati biyu Fawaz na yawo. A unguwar Xiaobei akwai masu fassarar Larabci, da yawansu Musulmin Sin ne. Ɗaya ya duba shafin ya ce haruffan nasu ne amma maganar ba tasu ba ce. Masu karanta ajami kuwa sun cika masallaci ran Juma'a, sai dai ba mai hatimi a cikinsu. A ƙarshe wani malami ɗan Kano mai sarin takalma ya mayar da shafin boko, Fawaz ya mayar da shi Turanci, wani ofishin fassara ya buga hatimi a kan Turancin kaɗai, ya rubuta a ƙasa cewa bai ga asalin ba. Suka kai ana saura kwana tara.

Amsa ta zo bayan wata biyu, shafi ɗaya. Fawaz ya karanta a tsaye a bakin sito, ya ninke, ya sa a aljihu, ya shiga ƙirga dila. Ilu na kallonsa.

“Laoban,” ya ce, yadda yake kiransa in maganar aiki ce, wato maigida. “Takardar tawa ce ko taka?”

“Taka ce, Baba.”

“To karanta.”

Wasiƙar ta ce an karɓi bayanin shaida kuma an gode masa. Ta ce littafin liman yana nuna an binne wata yarinya, amma ba ya tabbatar da abin da ya kashe ta. Ta ce tun da ba a tabbatar da salwantar rai ba, kuma wa'adin ɗayan laifin ya wuce, an rufe maganar. Ba a ambaci sunan sojan ba. An rubuta sunan Radiyya, da kuskuren harafi ɗaya.

Ilu ya tambaya ko bayanin nasa wani alƙali ya karanta. Fawaz ya sake duba takardar ya ce ba a faɗa ba. Ilu ya ɗauki basillarsa ya koma kan dilar da ya bari. Ranar ya ɗinke ashirin da shida.

Da aka tambaye shi ko yana da-na-sanin saurin binne 'yarsa, ya ce a'a. Ya ce ko yau ne haka zai yi, ba zai bar ta kwance cikin zafin bazara tana jiran mai takarda ba. Abin da yake cewa da ya sani shi ne safiyar farko, da ya ji yaji a idonsa ya ce sannu da aiki ya wuce.

Littafin liman ya riga ya kama hanyar gida a jakar wani Bakano. Matar Ilu, Hasiya, wadda ke Kano, ita ta samo masa lambar wayar Alhasan ta hannun 'yan'uwa, bayan ya roƙe ta sau uku. Ran Litinin da ta wuce, bayan sallar azahar, Ilu ya sake alwala, ya zauna a kan wata dila a bayan sito inda ƙarar inji ba ta kaiwa sosai. Ya danna wayar don ɗaukar saƙon murya, ya yi sallama, ya faɗi sunansa da sunan mahaifinsa kamar yadda ake yi a kotu, ya ba da shaidar tun daga motar har zuwa taku ukun da sojan ya ja da baya. Saƙon ya yi minti goma sha ɗaya. Bai nemi gafara a ciki ba, bai kuma nemi amsa ba. Ya tura wa Alhasan.