Allurar Tankin Yayana

Yayana ya yi shekaru yana kamun kifi can kudu, ƙetaren iyaka. Da ya gaji ya dawo gida, abin da ya zo da shi a bayan mota shi ne ƙaramin kwale-kwale, da inji, da wani jan tankin mai. Mutanen garinmu sun sha dariya, don gulbin da ke tsakaninmu da hanyar Gidan Sori rairayi ne zalla in ba da damina ba. Amma da ruwa ya sauka, amalanke ya kasa ƙetarewa, 'yan kabu-kabu suka tsaya bakin gaɓa suna kallo, sai aka daina dariyar.

Ni tela ne, ban san komai game da ruwa ba. Ran kasuwa kawai nake shiga jirgin in je sayen yadi da zare.

A bisa murfin tankin akwai ɗan gilashi kamar fuskar agogo, da allura mai nuna yawan man da ya rage. Yayana yana ji da allurar nan. Duk wanda ya shiga sai ya nuna masa ita.

Wata safiya muka ɗebo mata masu zuwa kasuwa, da buhun wake, da akuya guda. Gwaggonmu, ƙanwar mahaifinmu, tana zaune a gaba da ƙwaryar daddawarta. Muna kaiwa tsakiyar ruwa inji ya yi tari ya mutu. Yaya ya ja igiya, ya sake ja, shiru.

"Man ne ya ƙare?" in ji gwaggo.

"A'a, Gwaggo, ga shi nan rabi," ya ce, yana nuna allurar.

Na ɗaga tankin da hannu ɗaya na girgiza. Ko motsi ban ji ba a ciki.

Ruwa ya ja mu a hankali har ya jingina mu da wani tsibirin yashi kusa da lambunan mangwaro. Babu wanda ya tsorata, don wurin bai wuce ƙugu ba. Muka sauka ni da Yaya muka tura jirgin zuwa gaɓa, akuya tana ta kuka, matan suna ta yi mana tsiya. Gwaggo ta ce daga yau ita za ta riƙa ɗaga tankin da kanta kafin ta zauna.

Washegari bayan azahar Yaya ya zo da tankin ƙofar shagona, ya ajiye a inuwar itacen bedi.

"Kai da ka saba da ƙananan ƙarafa, zo ka duba mani abin ga."

Da farko ya ce laifin zaman tankin ne, wai a karkace yake cikin jirgi. Muka daidaita shi a kan benci, allura tana nan a rabi. Ni kuma na ce gilashin ne ya danne ta. Na ƙwanƙwasa da bayan almakashi, ba ta ko gusa ba. Muka zuba mai kwalba guda, muka zura karan gero ya fito da jiƙa a bakinsa, ita kuwa ko a jikinta.

Sai muka kwance murfin gaba ɗaya. Ashe a ƙarƙashinsa akwai wani siririn ƙarfe murɗaɗɗe, da wani abu mara nauyi kamar toshiyar kwalba da ke hawa da sauka a jikinsa. In mai ya ɗaga toshiyar, sai ƙarfen ya juya, allura ta bi shi. Na daɗe ina juya abin a hannuna, don ya burge ni ƙwarai. Tsatsa da dattin man bakin hanya sun kama tsakiyar ƙarfen, toshiyar ta maƙale a nan.

Na aika cikin gida aka kawo lemun tsami da toka. Ina gogewa, Yaya yana riƙe mani, yana ba ni labarin wani babban tafki inda ake wuni ba a ga gaɓa ba, da irin kifin da mutum biyu ke ɗauka. Tun muna samari rabon da mu zauna haka kafaɗa da kafaɗa. Har mai shayi ya kawo mana ba mu aika ba.

Da muka mayar, allura ta motsa, sai dai ta tsaya kafin ta kai ƙasa ko da muka juye man, tankin ba komai. Yaya ya sake zaro ƙarfen, ya kanne ido ɗaya, ya ga ɗaya daga wayoyin da ke riƙe toshiyar ta ɗan lanƙwashe. Na miƙe ta da 'yar filayar da nake gyaran keken ɗinki da ita. Muka riƙa zuba mai kaɗan-kaɗan, allura tana hawa a natse har ta kai ƙarshe.

"To, madalla," ya ce. "Je ka kira Gwaggo."

Ta zo tana ɗaura kallabi, ta duƙa ta duba, ta ce ita ba ta iya karatun agogo ba, amma tunda mun ce ya gyaru, Allah ya sa albarka. Da la'asar muka ƙetara da ita ba don wata buƙata ba, muka dawo. Ruwan ya yi ja, geron da ke gaɓa ya fara fitar da kai.

Jirgin ya yi aiki har ƙarshen damina. Da gulbi ya janye, muka kife shi a bayan gidan Yaya, kajin matarsa suka samu wurin yin ƙwai a ƙarƙashinsa.