Ranar da Muka Zura Waya Cikin Gida

Shekara bakwai ɗanmu na fari yana Aljeriya. Muryarsa muna ji a salula, fuska kuwa babu. Uwarsa ba ta taɓa cewa tana son ganinsa ba. Ɗan fari ne, ko sunansa ba ta faɗi. Amma ni na san tana so.

Wata rana wani ɗan garinmu ya dawo daga can da ƙaramin kati, ya ce ɗana ya ɗauki kansa a bidiyo. A salula idon tsohuwar, uwar tasa, ba ya raba mutum da jaki. Sai na tare likitan dabbobi da ya zo daga Tanout yi wa shanu allura, wanda ke yawo da kwamfuta a jaka. Ya yarda, amma ya ce motarsu za ta tashi da la'asar.

Muka aro talabijin ɗin mai shayi da batirinsa. Baƙo namiji ba ya shiga cikin gida, don haka likita ya zauna a zaure da maza, muka zura doguwar waya ta jikin zana zuwa tsakar gida, inda mata suka kewaye talabijin. Ni ne mai kai da kawowa.

"Baba, hoto ya fito?" in ji likita.

Na leƙa. "Ya fito."

Muka zauna muka kalla a kwamfuta. Ga ɗana ya tara gemu, yana nuna ɗakinsa da tukunyarsa. Har aka gama ban ji motsi daga ciki ba. Da na shiga, na tarar mata sun ƙura wa wani koren tudu ido, ciyawa shar, ba mutum ko ɗaya.

Ƙanwata ta ce, "Yaya, ashe haka ƙasar take? Mu kora shanu can mana."

"Ina yaron?"

"Muna jira ya ɓullo ta bayan tudun."

Na koma na faɗa wa likita. Ya dafe kai. Ya ce ciyawar shimfiɗa ce kawai ta fuskar kwamfuta, kwamfuta ta ɗauki talabijin kamar ɗaki na biyu, sai an jawo bidiyon an kai shi can. Ya ja da yatsa. Na shiga na duba, na dawo.

"Kunne ɗaya da kafaɗa," na ce masa.

Ya ƙara ja. Ɗana ya shiga gaba ɗaya, amma bakinsa na motsi a cikin gida, muryarsa na zaure. Direba ya fara danna oda. Likita ya taɓa nan, ya taɓa can, ni kuma ina ta zirga-zirga har gwiwata ta fara ƙara. A zuwa na biyar murya ta sami mai ita.

Tsohuwar ba ta fuskanci talabijin ba. Ta zauna a karkace tana tsince gero, tana kallo ta gefen ido. Da ya gaishe ta, hannunta ya tsaya a cikin ƙwarya.

Aka gama. Ta ce, "Maigida, ce wa baƙon ya sake. Matan nan ba su gani sosai ba."

Likita ya aika wa direba ya sha shayi tukuna. Sau uku aka sake, kuma a na ukun ta ajiye ƙwaryar ta juyo.