Jeren Kakata

Jiya wani mai zane-zane ya shigo shagona yana neman tsofaffin langa da fanteka, irin waɗanda fentinsu ya ɓare a gefe. Ya ce zai jera su a kan allo ya kai baje koli Abuja. Yana juya wata langa a hannunsa, murfin ya zame ya faɗi a siminti. Wannan ƙarar ta mayar da ni ɗakin kakata a unguwar Bukan Sidi, cikin Lafiya, kuma ina gaya maka, har yanzu raina bai huce ba.

A ɗakinta na taso. Jerenta ya cika bango guda, daga ƙasa har kusa da rufi: tasoshin tagulla a ƙasa, fanteka a tsakiya, langa masu furanni a sama. Ɗakin kullum yana ƙamshin daddawa da hayaƙin itace. Idan damina ta wuce, mukan fito da kayan tsakar gida mu goge su da toka, hannuwana su yi fari fat.

Ba ado kawai ba ne. Kowane kwano akwai mai shi. Wannan ƙanwarta ce ta kawo ranar sunan babana, wancan wata Bafulatana ce ta bar mata shekarar da shanunsu suka tashi. Da idonta ya fara mutuwa, sai ta koma gane su da kunne. Takan ƙwanƙwasa da zoben yatsanta, ta saurara, ta faɗi sunan wadda ta ba ta, ta yi mata addu'a. Yawancin matan nan sun rasu. A bangon nan kaɗai take gaisawa da su.

Bayan Lafiya ta zama babban birnin jiha, Baffana ya sami aiki a ofis, sai komai na gidanmu ya fara ba shi kunya. Wani rani kakata ta tafi Awe wurin danginta, lokacin dafa gishiri, ta tafi da ni don in riƙe mata hannu. Baffa ya ga dama ta samu. Ya sa aka shafe ɗakin da siminti, aka yi fenti shuɗi, sannan ya kira masu yawo da amalanke suna musayar tsofaffin kaya da roba. Ya ba su bangon gaba ɗaya. Ya karɓi bokitai da kwanukan roba, ja da kore, ya jera mata da hannunsa.

Da muka dawo, har ƙofar gida ya taro mu yana washe baki. Na shiga da ita, na ga abin da aka yi. Ta miƙa hannu kamar yadda ta saba, ta ƙwanƙwasa. Roba ba ta amsa.

“Ina mutanena?” ta ce.

Baffa ya ce, “Inna, zamani ne. Wannan ba ya tsatsa, ba ya nauyi. Har baƙi na ofis zan iya kawo miki yanzu.”

“Kai, da kunnen wa ka yi shawara?”

Ya yi dariya, ya ce tsufa ne. Matan gida suka taya shi, suna yaba fentin. Wannan dariyar ce ban yafe ba. Da sata aka yi, da mun san ɓarawo ne. Amma ɗan cikinta ne, kuma jira yake a gode masa.

Na bi unguwa ina tambayar masu amalanke, aka ce sun wuce Doma, tagullar kuma tuni an kai wa masu narkarwa. Kakata ba ta sake ɗaga maganar ba. Ta daina miƙa hannu bango, ta daina kiran sunayen nan. Ni kuwa yarinya ce, ban riƙe ko rabinsu ba.

Da na girma na fara sayen tsofaffin kaya gida-gida, ina riga masu narkarwa. Ba na yi wa kowa ƙarya, kasuwa nake yi kuma ina cin riba. Amma ba na karɓar kwano daga hannun ɗa ko jika sai na ji daga bakin tsohuwar da ke da shi.

Yanzu abin ya juya. Manya suna rataye langa a falo, suna cewa tana tuna musu da iyayensu. Kwanakin baya Baffa da kansa ya zo shagona, kansa fari fat, ya ce ya ga irinsu a gidan wani babba, yana so in zaɓa masa masu kyau, irin na Inna.

Na gaishe shi da ladabi, na ba shi kujera, na kawo masa ruwa. Sannan na ce, “Baffa, wanne daga ciki? Faɗa mini sunan mace ɗaya da ta ba ta, in ba ka kyauta.”

Ya daɗe yana kallon kayan. Ya shanye ruwansa, ya tashi ya fita hannu wofi.